Surukinmu Baƙo Ne? Sashe na 26 da Auren Tsallaken Iyaka Bayan Ficewar Nijar daga ECOWAS

Ranar 29 ga watan Janairun 2025 ne ficewar Jamhuriyar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani da CEDEAO, ta tabbata a hukumance, shekara guda bayan ƙasashen uku sun ba da sanarwar aniyarsu. Tun daga lokacin an yi sharhi mai yawa a kan makomar fataucin albasa da wake da dabbobi, da sha'anin tsaro, da layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Akwai wani al'amari da ya fi waɗannan duka shiga cikin gidajen Hausawa, amma ba a cika ɗaga shi ba, wato aure. Amaryar da aka kai Maraɗi daga Jibiya, da magidancin Birnin Ƙonni da ya auri 'yar Illela ya kafa gida a garinsu, dukansu baƙi ne masu auren 'yan ƙasa a idon dokokin ƙasashen biyu. Abin da ya lulluɓe wannan matsayi nasu shekara da shekaru shi ne yarjejeniyar ECOWAS ta zirga-zirga. Ra'ayina shi ne, tunda wannan lulluɓi ya fara yayewa, lokaci ya yi da Nijeriya za ta gyara sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkinta, domin mijin 'yar Nijeriya ya sami madogara irin wadda matar ɗan Nijeriya take da ita.

Ya kamata a fara da abin da yarjejeniyar ta bayar. Wadda aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Ƙarin yarjejeniya ta 1986 ta zo da 'yancin zama, ta 1990 kuma ta zo da 'yancin kafa sana'a. Babu ɗaya daga cikinsu da ta dogara a kan aure. Ɗan Nijar da ke zaune a Katsina yana zaune ne a matsayinsa na ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiya, ko yana da mata 'yar Katsina ko gwauro ne. Saboda haka mutane ƙalilan ne suka taɓa damuwa da tambayar abin da aurensu ya ba su a doka. A ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, su kuma bar musu 'yancin shiga da zama, har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwa. Su ma ƙasashen uku sun faɗa tun a watan Disambar 2024 cewa ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS ba tare da biza ba, amma kowace ƙasa tana da ikon hana wanda ba ta so. Wannan duka alheri ne, sai dai alheri ne irin na sanarwa, wanda wata sanarwar take iya sokewa a wuni guda. Abin da a da yake haƙƙi a rubuce cikin yarjejeniya, yanzu ya koma alfarma.

Kada mai karatu ya ɗauka tsoro ne marar tushe. A watan Janairun 1983, ƙasa da shekara huɗu da sa hannu a yarjejeniyar Dakar, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice daga Nijeriya. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, kuma ko da yake an fi tunawa da 'yan Ghana, akwai 'yan Nijar da Chadi masu yawa a cikinsu. An sake yin irin wannan kora a 1985. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Kafin waɗannan duka, a 1980, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka tsallakar da shi Chadi bisa zargin cewa mahaifinsa ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa. Idan aka yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai sayar da goro a Maigatari wanda babu abin da ya mallaka na hujja sai shaidun ɗaurin aurensa?

To, me Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada? Sashe na 26 ya ba shugaban ƙasa ikon yi wa mutum rajista a matsayin ɗan ƙasa idan ya cika sharuɗɗa uku: halin kirki, da bayyana niyyar mayar da Nijeriya mazauninsa, da rantsuwar biyayya. Ba a gindaya adadin shekarun zama ba. Sai dai ƙaramin sashe na 2 ya iyakance waɗanda wannan sassauci ya shafa, kuma rukuni na farko shi ne duk macen da take aure, ko ta taɓa aure, da ɗan Nijeriya. A lura da wannan lafazi da kyau. Bazawarar ɗan Nijeriya, wadda aurenta ya mutu tuntuni, tana cikin sashen. Mijin 'yar Nijeriya da ya shekara talatin da ita, suka aurar da 'ya'ya suka ga jikoki, ba ya ciki. Shi hanyarsa ita ce sashe na 27, hanyar kowane baƙo: sai ya zauna a ƙasar shekara 15, sai gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu, sai an ga ya ba da gudummawa ga ci gaban ƙasa ko yana iya bayarwa. Aurensa bai rage masa ko kwana ɗaya ba.

Gaskiya ne sashe na 32 ya ba shugaban ƙasa damar tsara matsayin baƙo na musamman, mai cikakken izinin zama, ga abokan auren 'yan Nijeriya, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce take ba da shi. Haka nan tsarin biza na 2020 ya ware rukuni ga masu auren 'yan ƙasa. Masu kare halin da ake ciki sukan kafa hujja da wannan su ce ai ba a kori kowa ba. Amma lafazin sashen na 32 yana magana ne a kan waɗanda ba sa son zama 'yan ƙasa. Ga mace wannan zaɓi ne: ta ga dama ta yi rajista, ta ga dama ta tsaya a kan izinin zama. Ga namiji kuwa shi ne iyakar abin da aure zai ba shi. Izinin zama kuma, komai ingancinsa, ba ya ba da ƙuri'a ko fasfo, ba ya kuma hana a kori mutum ranar da hukuma ta ga dama. Wanda wannan bambanci ya fi tauye wa haƙƙi ita ce matar, wadda 'yar ƙasa ce cikakkiya, wadda kuma sashe na 42 na kundin ya hana a nuna mata bambanci saboda jinsinta. Yayanta namiji yana iya auro mace daga Damagaram ya tabbatar mata da zama na har abada, ita kuwa ba ta iya yi wa mijinta haka.

Tunanin da ke ƙarƙashin sashen sananne ne gare mu: mace ce take tarewa, amarya ake kaiwa, garin miji shi ne garin mata. Hausawa har shaguɓe suke yi wa namijin da ya zauna a gidan matarsa ko a inuwar surukansa. Mai yiwuwa wannan ne ya sa da yawa daga cikin mutanenmu suke jin gyaran sashen a matsayin baƙon ra'ayi na 'yan rajin kare haƙƙin mata. Ni kuwa ina ganin al'adarmu ta fi wannan fahimta faɗi nesa ba kusa ba. Labarin da muke koyar da ɗalibanmu game da asalin Hausa Bakwai labari ne na baƙon namiji da ya auri 'yar ƙasa. Bayajida ya fito daga Bagadaza, ya yi aure a Borno, ya iso Daura da dare yana neman ruwa, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya Daurama, kuma daga zuriyarsa aka ƙirga sarakunan ƙasar Hausa. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan ko hakan ta faru, kuma ba wannan ne wurin shiga muhawarar ba. Abin lura shi ne al'ummar da ta adana labarin ba ta ga aibu ba a danganta asalin sarautarta ga suruki baƙo. Da sashe na 26 ne ke aiki a Daura a wancan zamani, da sai Bayajida ya cika shekara 15 kafin a duba takardunsa.

Ko a bar tatsuniya a koma ga tarihin da aka tabbatar, haka abin yake. Wangarawa da Larabawan Kano da Agalawa da Tokarawa duk zuwa suka yi, suka yi auratayya, suka zama 'yan gari. Unguwannin zango na Kumasi da Accra da garuruwan Hausawa na Sudan an gina su ne a kan fatake da almajirai da maniyyata, akasarinsu maza, waɗanda suka yi aure a inda suka sauka. Karin maganar nan ta cewa baƙo raɓa ne ɗan gari kaba tana magana ne a kan mai wucewa. Wanda aka ba 'ya, aka karɓi sadakinsa, ya fita daga wannan rukuni, ya shiga surukuta da duk kunya da haƙƙoƙin da ke tattare da ita. A ɓangaren addini ma, abin da mazhabar Malikiyya ta fi dubawa wajen dacewar miji da mata shi ne addininsa da lafiyarsa daga aibubban da ke hana zaman aure. Ƙasar da aka haife shi ba ta cikin lissafi. Idan kuma aka ce ai nasaba ta uba ce, amsar ita ce zama ɗan ƙasa daban, nasaba daban, kuma sashe na 25 ya riga ya yarda da hakan, domin ɗan da mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa, ko a ina aka haife shi. Wato doka ta karɓi 'ya'yan ta bar ubansu a waje.

A kan wannan iyaka tamu kuwa, kalmar baƙo kanta tana da nauyin faɗa. Layin da ya kai kimanin kilomita 1,500 ya samo asali ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890 da 1898 da 1904 da 1906, kuma ya ratsa ta tsakiyar ƙasashen Katsina da Gobir da Daura. Har gobe sarkin Maraɗi sarautar Katsina yake riƙe da ita, na Tsibiri kuma ta Gobir. William Miles, a littafinsa Hausaland Divided na 1994, ya nazarci ƙauyuka biyu maƙwabta, Yardaji a Nijeriya da Yekuwa a Nijar, ya nuna yadda mulkin mallaka iri biyu ya bambanta su a fannonin mulki da ilimi alhali harshe da al'ada ɗaya ne. A irin waɗannan wurare auren tsallaken iyaka sau da yawa auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙane. Dokar da aka rubuta ana hango Bature ko ɗan Lebanon da ya auri 'yar Legas ita ce take hawa kan Bakatsinen Maraɗi da ya auri Bakatsiniyar Katsina.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan gyaran ita ce ta tsaro da siyasa, kuma ba zan raina ta ba. Yankin iyakar Zamfara da Sakkwato da Katsina yana fama da 'yan bindiga, zargin shigo da 'yan Nijar su yi zaɓe kuma ba ya ƙarewa, musamman tun da gwamnonin Damagaram da Maraɗi suka halarci taron yaƙin neman zaɓe a Kano a farkon 2019. Ana tsoron auren bogi, wato mutum ya ɗaura aure don takarda kawai. Sai dai ɗan bindiga ba ya zuwa ma'aikata ya cike fom ya ba da hoton yatsunsa. Ta daji yake bi. Wanda zai nemi rajista shi ne mai son a san shi, kuma ƙasar da ke kukan rashin sanin waɗanda ke zaune a cikinta ita ya kamata ta fi kowa son hakan. Auren bogi kuma ba maza kaɗai ke iya yinsa ba. Hasali ma, a ƙasar da namiji Musulmi yake iya auren mata huɗu, ya saki ya sake, kuma kowace ta ci gaba da cancanta ko bayan saki, ƙofar da ke buɗe yanzu ta fi wadda ake tsoron buɗewa faɗi. Bugu da ƙari, wanda ya zama ɗan ƙasa ta rajista ba ya iya zama shugaban ƙasa ko gwamna, domin waɗannan kujeru na 'yan ƙasa ne ta haihuwa, kuma sashe na 30 ya ba da ikon ƙwace matsayin daga wanda kotu ta tabbatar ya ci amanar ƙasa.

Maganin auren bogi sharaɗi ne da zai hau kan kowa, kuma maƙwabtanmu sun riga sun gwada. Kundin Ghana na 1992 ya ba mace da namiji damar rajista, ya ƙara wa namiji sharaɗin zama na dindindin a ƙasar. Na Kenya na 2010 ya sa shekara bakwai na aure ga duka jinsin biyu. Abin da ya fi dacewa mu duba shi ne Nijar kanta. A watan Nuwamban 2014 ta gyara dokarta ta zama ɗan ƙasa ta 1984, ta ba duk wanda ya auri ɗan Nijar ko 'yar Nijar damar nema bayan shekara uku da aure, ta kuma halatta riƙe ƙasa biyu. Nijar ƙasa ce da kusan dukkan jama'arta Musulmi ne, fiye da rabinsu kuma Hausawa. Wanda zai ce gyaran ya saɓa wa addininmu ko al'adarmu sai ya bayyana mana dalilin da ya sa bai saɓa musu a Yamai ba. A halin da ake ciki, Bakanon da ya auri 'yar Tawa yana da hanyar da Ba'adaren da ya auri 'yar Kano ba shi da ita.

An taɓa kai batun gaban Majalisar Dokoki ta Tarayya. Ranar 1 ga Maris, 2022, 'yan majalisar suka yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da na bai wa mazajen 'yan Nijeriya damar rajista. Mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar, har Majalisar Wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga cikinsu ranar 8 ga watan, amma maganar ba ta je ko'ina ba, kuma babu ita a cikin gyare-gyare 16 da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ganina haɗa ƙudurin da na kason kujerun siyasa ya cutar da shi, domin an yi masa kallon buƙatar matan birni masu auren Turawa. Ba a ji an gabatar da shi a matsayin matsalar Kamba da Illela da Jibiya da Kwangwalam da Maigatari ba. Gyaran kundi yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36, saboda haka ba zai yiwu ba sai da Arewa, Arewar kuma ita ce ta fi kowa surukai a tsallaken iyaka.

Ko an gyara sashen, akwai sauran aiki, wato takardar shaidar aure, domin da ita kowace buƙata take farawa a ofis. Aurenmu waliyyi da wakili da sadaki da shaidu ne suke ƙulla shi, sanƙira ya yi shela, a yi fatiha a watse. Ingantacce ne a shari'a da dokar ƙasa, amma a karkara ba kasafai yake barin takarda ba. Wanda aka matsa wa ya kawo takarda yakan ruga wurin rajistar aure ta gwamnati, bai san cewa auren da aka ɗaura a ƙarƙashin Dokar Aure na mace ɗaya ne ba, babbar kotu ce kaɗai take raba shi, kuma ƙara aure a kansa laifi ne mai hukuncin ɗauri. Bai kamata neman izinin zama ya tilasta wa Musulmi sauya dokar da ke hukunta aurensa ba. Abin da ake buƙata shi ne takarda guda mai tsari ɗaya daga kotunan shari'a, wadda ma'aikatar cikin gida da hukumar shige da fice za su karɓa ba tare da ja-in-ja ba, wadda kuma ofishin magajin gari a Nijar zai gane. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, ta girmi ECOWAS kuma ficewar ba ta shafe ta ba. A teburinta ya kamata a daidaita wannan, tare da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa a kan zaman ma'aurata.

A nan ne aikin ya iso ƙofar sassanmu na nazarin Hausa. Takardar da za ta yi aiki a Katsina da Maraɗi ba ta da harshen da ya fi dacewa da ita kamar Hausa, tunda ɗaya ɓangaren da Ingilishi yake aiki ɗayan kuma ya gaji Faransanci, alhali ma'auratan da limamin da alƙalin duk Hausa suke ji. Sai dai har yanzu da kalmar ɗan ƙasa muke fassara wanda aka haifa, da wanda aka yi wa rajista, da wanda ya nema aka ba shi, har da ɗan asalin jiha, alhali kowanne matsayi ne daban mai hukunci daban. Haka kalmar baƙo take ɗauke da mai ziyara da mai izinin zama da wanda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba. Daidaita waɗannan kalmomi tsakanin Hausar Nijeriya da ta Nijar aiki ne da jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina za su iya yi tare da na Yamai da Maraɗi da Damagaram, ba sai sun jira majalisa ba. Haka nan tattara bayanan auratayya a garuruwan iyaka, gida-gida, domin duk ranar da ƙudurin ya sake zuwa gaban 'yan majalisar jihohinmu a sami alƙaluman da za a ajiye musu daga mazaɓunsu.